Barcin Azumi Mai Daddawa

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Tamanrasset daga shekarun casa'in zuwa dubu biyu da 'yan kai, in dai kewar miyar gida ta taɓa kama shi, to ya san wurin Azumi a Kasuwar Assihar. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, tsamiya, barkono, duk a buhuna ake kawo mata daga Damagaram, ta zuba a manyan kwanoni ta jera a gaban shagon atamfar mijinta, Malam Abdulmumini. Kayanta ba ƙasa, ba tsakuwa, awonta kuma a cike yake. Sai dai bayan kayan miya akwai abu biyu da aka san ta da su. Ba ta dariya, kuma barci yakan sace ta ko'ina. Tana cikin auna maka kuka za ka ga kanta ya langaɓe, gwangwanin awon yana hannunta. In ka yi haƙuri kaɗan sai ta buɗe ido, ta ce a yi mata afuwa, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A Mirriya aka haife ta, cikin watan azumi, a gidan Barebari masu lambu. Har ta kai shekara goma sha biyar lafiyarta lau, yarinya ce mai surutu da ƙyalƙyala. Wata rana 'yan mata suna dawowa daga rijiya, sai ga wata akuya ta cusa kai cikin tukunya ta kasa fitarwa, tana ta zagaye tana karo da danga. Azumi ta tuntsire da dariya. Nan take gwiwoyinta suka sake, wuyanta ya kasa riƙe kai, tulun ya faɗi ya fashe, ita ma ta bi shi ƙasa. Tana jin ƙawayenta suna salati, tana jin ruwan yana bin bayanta, amma ko yatsa ba ta iya motsawa. Bayan ɗan lokaci ƙarfinta ya dawo, ta tashi ta kakkaɓe zane.

Daga wannan shekara barci ya aure ta. Tana daka ta yi gyangyaɗi a kan taɓarya, tana cin tuwo ta yi barci da loma a hannu. Da dare kuwa, lokacin da kowa ke sharar nasa, nata a gutsuttsure yake zuwa, ga dannau da yakan danne ta har ta ga kamar mutum tsaye a bakin ƙofa. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iskoki. Ta sha rubutu, an yi mata hayaƙi. Mahaifinta ya kai ta asibitin Damagaram aka ba ta ƙwayoyin farfaɗiya, suka ƙara mata barci a kan barci, dole aka bari.

Ita da kanta ta gano bakin zaren. Ta lura ba ta taɓa faɗuwa haka kawai ba, sai in abin dariya ya shammace ta. To, tunda dariya ce ke kayar da ita, sai ta rufe wannan ƙofa. In aka fara raha ta cije naman kumatunta ta ciki, in abin ya yi ƙarfi ta tashi ta bar wurin. Kafin ta kai ashirin fuskarta ta saba da ɗaurewa, har wanda bai san ta tana ƙarama ba ya ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Abdulmumini maƙwabcinsu ne, ya sha ganin ta faɗi. Da ya fito neman aurenta gwaggwanninsa suka ja masa kunne, ya ce musu, “Ai ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Ita ɗin nake so.” Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, in ya zauna a majalisa sai an riƙe ciki. Amma tun watan farko na aurensu ya koyi ajiye barkwancinsa a bakin zaure kamar takalmi. Bayan farin da aka yi a shekarun tamanin ya bi manyan motoci ya haura Tamanrasset. Ya fara da tallan atamfa a kafaɗa, har ya samu shago da katin zama. A 1992 ya dawo ya kwashe ta da 'ya'yansu uku, suka tare a unguwar Tahaggart.

A nan ta haɗu da Mairama, wata Bafillatana daga Dakoro mai dama fura a kasuwa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, Mairama kuma ba ta san ta bar hakkinta ba. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga.

“Baiwata, an tashi? Ko har yanzu ana can ana noman barci?”

Azumi takan ce, “Lafiya lau, Mairama,” ta juya ta shige ɗaki.

Ba ta taɓa ramawa ba, ko da kalma ɗaya. In Mairama ta zo wurinta a kasuwa ta fara labari, Azumi sai ta tuna akwai buhun da za ta duba a bayan shago. Duk da haka in ɗaya ba ta da lafiya ɗayar ce ke yi mata girki, in an yi baƙi a ari tabarmar juna. Zama dai na mutunci, amma da 'yar tazara a tsakani, wadda Mairama ba ta san daga ina ta fito ba. Ta sha ce wa mata, “Azumi mutuniyar kirki ce, sai dai jinina bai haɗu da nata ba, ban san abin da na yi mata ba.”

Haka aka yi shekara goma sha uku. A ƙarshen 2005 aka yi sunan jikan Mairama, mata suka cika tsakar gida ana girki. Azumi tana tsaye kan babbar tukunyar miya tana juyawa, hankalinta na kan gishiri. Mairama kuwa ta miƙe tana kwaikwayon wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, a kan iyaka, wanda aka ce ya kwance buhun daddawar Azumi ya tura hanci don ya ji ko mene ne. Ta toshe hanci, ta ja da baya tana tangaɗi, tana kiran sunan Allah da Larabcin da ta karya shi gida uku. Abin ya zo wa Azumi ba shiri. Dariyar da ta yi shekaru tana tarewa ta ɓalle, gwiwoyi suka sake, ta zube gefen murhu, hannunta na hagu ya faɗa kan tukunyar, miya ta kwaro mata daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

A asibitin garin wani matashin lokotoro ne ya karɓe ta, sunansa Balkasim, daga can bakin teku aka turo shi aiki. Bayan an wanke ƙunar an naɗe, ya jawo kujera ya zauna. Da Larabci suka yi maganar, nata na kasuwa ne, inda ya gagare ta mijinta ya cika.

Ya ce, “Hajiya, yaya aka yi kika faɗi? Jiri ne?”

Ta ce, “Ba jiri ba ne. Dariya na yi.”

Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ta. “In kin faɗi, kina jin abin da mutane ke faɗa?”

“Komai ina ji. Na ji lokacin da Mairama ta ce a kawo ruwa, na ji wata ta ce a'a, a kawo ƙwai. Tashi ne kawai ba na iyawa.”

Ya tambaye ta barcin rana, ya tambaye ta na dare, ya tambaye ta ko takan farka ta kasa motsi. Duk abin da ya tambaya sai ta ga kamar da shi ake kwana a ɗakinta. Shekara talatin ke nan ana yi mata magani, ba wanda ya taɓa yi mata waɗannan tambayoyi.

A ƙarshe ya ce wa Abdulmumini, “Ina zaton ba farfaɗiya ba ce. Akwai wani ciwo na barci da na karanta, ban taɓa ganin mai shi ba sai yau. Amma zato ba ya isa a ba mutum magani. A Alje, babban birnin ƙasar nan, akwai inda ake kwantar da mutum dare guda, a sa masa na'ura ta rubuta yadda barcinsa yake. Zan yi muku takarda.”

Abdulmumini ya ce, “Barcin ma aunawa ake yi, lokotoro?”

Ya ce, “Ana aunawa.”

Wata bakwai suna jira. Ƙunar ta warke ta bar tabo. Mairama takan kawo fura kullum ta ajiye, ta yi sannu, ta fita ba tare da ta ce “baiwata” ba, don ta ɗora wa kanta laifin. Ana nan sai kira ya shigo salular Abdulmumini, aka ba su rana.

Da kar, babbar motar fasinja, suka tafi, kwana biyu a hanya, ta In Salah da Gardaya. A kowane shinge jandarmomi su hau su duba takardu su sauka. Azumi ba ta ga rabin hanyar ba. Takan farka ta ga duwatsu baƙaƙe, ta sake farkawa ta ga rairayi, ta sake farkawa ta ga gonakin zaitun. Da suka isa Alje mijinta ya kai ta ta ga teku. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ruwan ya yi yawa, su koma masauki.

Washegari da la'asar suka je asibitin. Wata ma'aikaciya mai suna Wahiba, mace mai ƙiba da sanyin murya, ita ce ke kula da ɗakin gwajin. Ta ce wa Abdulmumini ya dawo gobe da yamma, nan ba a kwana da ɗan rakiya. Ya tsaya yana jujjuya hularsa a hannu.

Azumi ta ce, “Je ka, Malam. Barci ne fa aka ce in yi. In dai wannan ne ba zan ba ka kunya ba.”

Ya buɗe baki zai mayar mata da wata magana, ya tuna, ya haɗiye abarsa, ya yi mata sai da safe.

Abin da ya fara damun ta shi ne kitso. Saboda tafiyar ta zauna an yi mata shuku mai kyau, sai ga Wahiba ta ce dole a tsefe, don wayoyin sai sun taɓa fatar kai. Su biyu suka zauna suna tsifa, Wahiba tana mamakin ƙanƙantar kitson. Da Azumi ta yi sallar isha'i aka fara aiki. Wahiba ta auna kanta da zaren awo irin na tela, ta ɗiɗɗiga alamu da jan fensir, tana shafa wani abu mai danƙo tana manna wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Aka sa biyu a gefen idanu, aka sa a haɓa, a ƙirji, a ƙwauri. Aka ɗaura mata ɗamara a ƙirji da ciki, aka sa wani siririn tiyo a ƙofar hanci, aka maƙala wani abu mai jar wuta a yatsa. Wayoyin duka aka tattara su a bayan wuyanta kamar jelar doki, aka cusa cikin wani ɗan akwati a kan gado.

Azumi ta nuna wani abu mai ido a saman bango ta ce, “Wancan fa?”

Wahiba ta ce, “Da shi zan riƙa ganin ki daga ɗakin can. Ni kaɗai ce, ba namiji. In kina son wani abu ki yi magana, ina ji.”

“To mafarkin nawa ma za ki gani?”

“A'a. Zan dai san lokacin da kika fara shi.”

Hankalinta ya kwanta. Ta roƙa a yafa mata ɗankwali a kan wayoyin, aka yafa. Aka kashe fitila. Ta yi addu'arta ta kwanciya, tana tunanin yau kam da wannan tarkace barci zai yi mata gardama. Ba ta kai ƙarshen tunanin ba. Cikin dare ta farka sau da yawa kamar yadda ta saba, sau ɗaya dannau ya zo ya tafi. Amma wannan karon da ta samu kanta sai ta tuna akwai mace a bayan bango tana zaune ido biyu saboda ita, ta gyara kwanciya ta koma. Da asuba Wahiba ta kawo mata dutsen taimama, ta yi salla a zaune a bakin gado.

Ta ɗauka an gama, ashe da sauran aiki. Aka cire ɗamarar da tiyon hanci, aka bar wayoyin kai. Wahiba ta ce yau sau biyar za a kwantar da ita, duk bayan awa biyu, a ga saurin da barci ke ɗaukar ta, kuma tsakanin kwanciya da kwanciya an hana ta runtsawa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ta wuya a duk tafiyar. Ta zauna a kujera tana jan carbi, ta tashi ta zagaya ɗakin, ta leƙa taga tana ƙirga motoci. Da Wahiba ta ga kanta ya fara rinjaya sai ta shigo ta ce ta koya mata yadda ake miyar kuka. Azumi ta yi ta bayani da guntun Larabcinta, har aka kai ga daddawa, ta rasa yadda za ta fassara ta, ta ce wani abu ne mai wari da ke gyara miya. Duk sanda aka ce ta kwanta kuwa, kafin Wahiba ta gama zama a kujerarta barci ya sace ta.

Bayan kwana uku babban lokotoron sashen, wani dattijo mai furfura, ya kira su ofishinsa. Ya juyo musu da allon na'urar, ga layuka birjik suna hawa suna sauka. Ya ce mutum in ya kwanta yakan yi fiye da awa guda kafin ya shiga barcin mafarki, ita kuwa cikin kwanciya biyar ɗin nan, sau huɗu ta faɗa mafarki kai tsaye, kuma ba ta taɓa kai minti uku ido biyu ba. Ya ce a lokacin mafarki Allah ya sa jiki yakan saki gaba ɗaya, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Ita a wurinta wannan sakin jikin yakan ɓata lokacinsa, ya zo mata tana farke, dariya ce ke kiran sa. Sunan ciwon narkolepsi. Ba farfaɗiya ba ce, ba taɓin hankali ba ne, kuma ba lalaci ba ne.

Azumi ta kalli layukan ta ce, “Ana warkewa?”

Ya ce, “Gaskiya ba a warkewa. Amma akwai ƙwayar da za ta rage faɗuwar sosai, da wata ta rage barcin rana. Sannan ki riƙa kwanciya da gangan sau biyu a yini, minti ashirin ashirin, kafin barcin ya zo da kansa. Ki ɗauki wannan kwanciyar kamar magani.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Abin da ke da suna ai da sauƙi.”

A hanyar komawa, wajen In Salah ne Abdulmumini ya ce, “Shekara ashirin da bakwai da aurenmu, akwai labaran ban dariya da yawa da ban ba ki ba.” Ta ce ya riƙe su tukuna, a ga yadda ƙwayar za ta yi.

Da suka iso gida, kafin ta kwance kaya ta zagaya gidan Mairama. Ta same ta tana dama fura. Ta zauna a tabarma ta jingina da bango, ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga akuyar Mirriya har zuwa wayoyin Alje. Mairama ta saki ludayi.

“Yanzu Azumi, duk gudun da kike yi mini, ba ƙi na kike ba?”

“Ƙin ki? Ke ce kika fi kowa haɗari a unguwar nan. In na ji muryarki ta katanga sai in nemi abin dafawa.”

Mairama ta goge ido da gefen mayafi. “Ki ga Babarbariya da zurfin ciki. Da kin faɗa mini ai da sai in riƙa zaunar da ke tukuna.”

Azumi ta ce, “To ga ni a zaune, Bafillatanar daji. Ƙarasa mini labarin ɗan duwan ɗin nan, ban ji ƙarshensa ba.”

Mairama ta ƙarasa. Azumi ta yi dariya har kanta ya sauka kan kafaɗa, jikinta ya sulale a jikin bango. Mairama ta tallafe ta, ta riƙe ta har ƙarfinta ya dawo, sannan ta miƙa mata furar.

Maganin ya karɓe ta, ko da yake ba duka ba. Faɗuwar ta ragu, ta koma sau ɗaya ko biyu a wata, galibi ma gwiwa ce kawai ke ɗan lanƙwashewa. Ƙwayar takan busar mata da baki, shi ya sa ba ta rabuwa da gorar ruwa. Wani lokaci maganin yakan yanke a farmasin garin, sai Abdulmumini ya ba direbobin Gardaya saƙo su taho da shi. Fuskarta ba ta sake gaba ɗaya ba, abin da aka yi shekara talatin ana ɗaurewa ba ya kwancewa a damina ɗaya. Amma matan Tahaggart sun ce muryarta ta canja, kuma ta iya ramuwar wasa fiye da yadda kowa ya zata. Lokotoro Balkasim ya gama wa'adinsa a 2007 ya koma garinsu. Ta kai masa kilishi da turaren wuta na matarsa, ya karɓa da hannu biyu.

A bayan shagon, Abdulmumini ya sa aka kafa ɗan gado tsakanin bandiran atamfa, aka rataya labule. Da hantsi sau ɗaya, bayan azahar sau ɗaya, Azumi takan rufe kwanoninta da faifai ta shige. Tsofaffin masu saye sun san lokacin, ba sa zuwa. Wata rana wani magini sabon zuwa daga Tasawa, mai suna Tahiru, ya zo da siminti har gira yana neman daddawa, ya tarar ba kowa a kan kayan.

Ya ce, “Baba, ina mai daddawar?”

Abdulmumini ya ce, “Tana ciki tana shan magani. Zauna ga benci, ba za ta daɗe ba.”

Tahiru ya zauna. Abdulmumini ya zuba masa shayi, ya tambaye shi labarin damina a Tasawa, suna magana ƙasa ƙasa har labulen ya motsa.